Jinjirin Wata a Jikin Kwali

Goggona, yayar mahaifina, ita ce mai ganin wata a ƙauyenmu. Ba sarauta ba ce, ba kuma wanda ya naɗa ta. Tun kafin a haife ni dai mutane sun san in wata ya zo ƙarshe, ita za ta riga kowa ganin jinjirin sabon. Ƙauyen yana cikin fadamar kogin Haɗeja, irin garuruwan nan da in damina ta yi nisa sai a jingine babur a nemi kwalekwale. A hannunta na tashi tun daga yaye har na shiga sakandare. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bakinta bai taɓa kama sunana ba. "Uwata" take ce mini, ko da kuwa ta ɗauko tsumagiya ne za ta zane ni.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin yammacin da take jan hannuna zuwa kan jinga, tudun ƙasar da aka tara a bayan gari don tare ruwa. Ruwa ya kwanta iya ganin ido. Furen bado ya fara rufe baki, masunta suna dawowa a hankali ba mai magana, hayaƙin bandar kifi ya taso daga gidaje ya zo ya kwanta a kan ruwan. Balbelu suna wucewa ƙasa-ƙasa za su makwanci. Can ƙofar masallaci maza sun ɗaga kai suna ta dube-dube, wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can. Ita ba ta dube-dube. Akwai wata goruba a ƙetaren ruwa, ta san a kan wane reshe wata zai tsaya da rani, ta san inda yake komawa da kaka. Sai ta dafa kaina da hannu biyu ta juya shi kamar mai gyara zaman tulu, ta ce, "Bi yatsana, uwata. Ga shi can, kamar an yanke farce an yar." Sau da yawa nakan ce na gani alhali ban ga komai ba, don kawai in ji ta yi addu'ar nan tata a hankali, tana roƙon alherin da ke cikinsa.

Da zamani ya zo aka koma jin tsayuwar wata a rediyo, daga baya ma a waya, Goggo ba ta yi musu ba. In an ce a ɗauki azumi ta ɗauka, in an ce a ajiye ta ajiye. Amma ta raɗa masa suna, watan rediyo. Harkokinta na kanta kuwa, irin su ranar da za ta zuba wa kaza ƙwai ko lissafin cikin surukarta, da watan da idonta ya gani take yi.

Na girma na yi karatun aikin lafiya, na samu aiki a wani ƙaramin asibiti a cikin Haɗeja, a tagar ba da magani. Wanda duk ya san ni ya san ba ni da doguwar zuciya. Layi ya yi tsawo, zafi ya dame ni, tsoho ya tsaya yana ba ni labarin yadda ciwon ya faro tun zamanin da yake kiwo, ni kuwa ina ƙulla leda ina kallon na bayansa. Wanda bai iya karatu ba mukan zana masa a jikin leda ko kwali. Rana mai ƙafafu ita ce safiya, jinjirin wata shi ne dare. Haka muka tarar ana yi, a wurinmu kuma abu ne da ko makaho ya laluba zai gane.

Wata shekara da rani wasu likitocin ido suka sauka a gari suna duba mutane kyauta. Ni lokacin ina jego. Ɗan Goggo ne ya kawo ta, don ta daɗe tana cewa tana ganin hayaƙi-hayaƙi a gefen ido. Suka duba suka ce hawan jinin ido ne, suka ba ta 'yar kwalbar maganin ɗigawa a cikin kwali. Da suka fito ta biyo ta ga jaririya. Na tambaye ta ko an yi mata bayanin yadda za ta sa. Ta yi wata dariya ta gefen baki ta ce, "Uwata, a kan wannan dai ba a haifi mai koya mini ba." Na ɗauka tsiyarta ce ta kullum, na yi dariya, muka shiga hirar suna.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Ruwa ya cinye hanya, ni ga goyo ga aiki, Goggo kuma ba ta son magana a waya, wai mutum yana magana da wanda bai ga fuskarsa ba sai ka ce mai aljanu. Sai wajen ƙarshen damina na samu na je, da 'yata a baya, a cikin kwalekwale.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na shigo ta gefen damanta na tsaya dab da ita, har inuwata ta faɗa a kan faifan, ba ta ɗago ba. Da na yi sallama sai ta zabura, ta juyo da jikinta gaba ɗaya tana neman inda nake, ƙafarta ta kifar da buta. Surukarta ta ja ni bayan rumbu ta ce mini ai an jima ana haka. Goggo ta yi karo da turmi, ta yi karo da bakin ƙofa, in an yi magana ta ce su ne suke sauya wa kaya wuri don su ga ta faɗi.

Bayan mun ci abinci na ce Goggo ta kawo mini maganin in gani. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwallar da take ajiye tandun kwalli da turarenta, ta fito da shi a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta. Na ɗaga kwalbar na duba a haske. Kusan a cike take.

"Goggo, wannan ta nawa ce? An sayo miki wata ne?"

"Wace wata kuma? Ita ce dai ta farkon. Ai maganin akwai albarka."

"To yaya kike sawa?"

"Yadda yarinyar da ta ba ni shi ta ce mana." Ta karɓi kwalin ta laluba, ta ɗora babban yatsanta a gefe ta miƙo mini. An zana jinjirin wata da shuɗin biro, siriri, mai kyau, har da ɗan tauraro a bakinsa. "Yarinya mai hankali, ga mutane kamar su danne ta amma sai da ta tsaya ta nuna mini. Ta ce, Iya, kin ga wannan? Na ce na gani, wata ne. Ta ce to in kin ga wata ya fito, ki ɗiga ɗaya a nan, ɗaya a nan."

"Goggo, dare take nufi. Kowane dare."

"A'a, uwata, duba da kyau. Wannan watan kwana ɗaya ne, ko yaro ya sani. Da na tsakiyar wata take nufi ai da ta zana shi kamar faifai."

Na tambaye ta yaushe rabonta da ɗigawa. Ta shafa bakin zanenta.

"An kwana biyu," ta ce. "Da fari hadari ne ya riƙa tare shi. Daga baya kuma na hau jinga, sama garau kamar an wanke, ina jin yara suna ga shi can, ga shi can. Ni na duba inda ya kamata ya tsaya, ban same shi ba."

"To tunda an gani, ba sai ki sa ba?"

"Cewa ta yi in na gani. So kike in sa magani a idona a kan watan wasu?"

Raina ya ɓaci iya ɓaci, na rasa wanda zan sauke wa. Na fara da ɗanta da ba ya nan, na koma kan surukar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, na haɗa da yarinyar da ta yi zanen, wadda ban taɓa gani ba kuma na san alheri ta nufa. Goggo tana zaune tana jina. Da na ga faɗan ba shi da inda za shi, na kwance goyo na ajiye mata a cinya na fita. A kan jinga na zauna na yi kuka sosai. Ciwon yana cinye mata gani saboda ba ta sa magani, ita kuma ta daina sa maganin saboda ciwon ya ɓoye mata watan. Na san irin ciwon. Abin da ya ci ba ya amayarwa.

Washegari na tafi da ita Haɗeja aka sake dubawa. Likitan bai ɓoye mana ba. Ya ce idon dama sai dai haƙuri, ɗan abin da ya rage a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Na hagu kuwa gefe-gefensa sun tafi, amma akwai sauran gani a tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin kara. Wannan za a iya riƙe shi in ana ɗiga magani kowace rana ba fashi, har iya rayuwa. In aka yi sake shi ma zai rufe. Ya ce a zubar da tsohuwar kwalbar don ta daɗe a buɗe, ya rubuta sabuwa. Goggo ta yi masa godiya har da addu'a, muka fito muka shiga kwalekwale.

Rana ta yi sanyi lokacin. Mai fito, wani dattijo da ya san mu, yana tura mu da gora a hankali. Sama tana cikin ruwan, har ka rasa ko a kan ruwa kake tafiya ko a kan gajimare. Goggo ta sa hannu tana jan ruwan da yatsunta.

"Uwata," ta ce, "maganin nan zai dawo mini da na daman?"

"Ba zai dawo da shi ba, Goggo."

"Zai buɗe na hagun ya koma yadda yake?"

"A'a."

"To ki mayar musu da abinsu. Maganin da ba ya warkarwa, wahalar me zan yi ta yi da shi kullum kamar mai bautar ƙasa? Na ga abin da na gani a duniya. Ya isa."

Na buɗe baki zan fara irin bayanin da muke yi a taga, sai na ji ba shi da amfani. Daidai nan muka shiga wata 'yar siririyar hanya a tsakiyar kacala, doguwar ciyawar nan da ta addabi fadamarmu, wadda take toshe hanyoyin ruwa har ya rasa inda zai bi ya hau gonakin mutane. Ganyenta yana gogar kwalekwalen ta kowane gefe, Goggo tana kare fuska da hannu.

Na ce, "Goggo, akwai wani ɗan ruwa a cikin ido. Yana shiga, yana fita ta wata 'yar hanya. Taki hanyar ce ta cushe."

Ta kama wani ganye da ya shafi kuncinta ta murza shi. "Kacala ke nan."

"Ita ce."

"Ruwa ya rasa mafita ya hau gona."

"Ya hau. Gonar da ya ci ta tafi. Saura 'yar wadda ke kan tudu."

Ta saki ganyen. Marigayi mijinta manomin shinkafa ne, kuma na tashi ina ganinsa yana shiga ruwa har ƙirji da lauje, shi da maƙwabtansa, suna share hanyar da ta bi ta gefen gonarsa. Su share, kafin wani lokaci kacala ta sake tsirowa, su sake komawa.

"Mutumin nan," ta ce, "har ya koma ga Allah bai gama da kacala ba."

"Bai gama ba. Amma kin taɓa ganin ya bar mata gonarsa?"

Mai fito ya yi gyaran murya ya ce shi shaida ne, bai taɓa bari ba. Na ce mata ta ido ta fi ta kogi naci, kwana ɗaya take yi ta dawo, shi ya sa laujen ma sai kullum. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai miƙo hannu ta karɓi ledar maganin daga cinyata ta sa a cikin zanenta.

Na ɗauki hutu na zauna da ita 'yan kwanaki. Wannan karon ban ce mata dare ba, ban ce mata kullum ba, don na ga inda kalma take kai mutum. Tambayarta na yi, mene ne abin da take yi kowace rana da yamma wanda hadari ba ya hanawa, baƙi ba sa hanawa, ciwon kai ba ya hanawa. Ta dube ni kamar na zautu ta ce salla mana. Muka tsaya a kan isha'i. Maganin ba ya son zafi, sai muka samar masa wuri a gindin randa, cikin wani ɗan gwangwani mai murfi a kan yashi mai sanyi. A randar nan take cika butarta, ba yadda za a yi ta je alwala hannunta bai taɓa gwangwanin ba.

Wajen ɗigawar ma sai da aka sha fama. Da na ce ta nuna mini yadda take yi, sai ta matse ido ta zuba a kan gashin ido, rabi ya bi kunci. Na ce ta ɗauko tandunta ta sa kwalli in gani. Nan take ta ja fatar ƙasan ido da yatsa ɗaya, ido a buɗe tar, hannu ko rawa ba ya yi. Na ce to haka za ki yi, sai dai bakin kwalbar ba ya taɓa ido. Ɗigo ɗaya a cikin ɗan lungun da kika buɗe, ki rufe ido, ki danne gefen hanci da yatsa, ki ja salati har carbi ya zagayo. Kowace rana bayan isha'i sai in zauna a gabanta in harɗe hannu in ce ta yi da kanta, surukar tana gefe tana kallo don ta san lokacin da kwalba za ta nemi ƙarewa. In ta yi kuskure in ce a sake gobe. Ta ce, "Oh ni, yau uwata ta zama uwata da gaske." Tsohon kwalin kuwa da na ɗauka zan jefa a murhu, fizge shi ta yi. Ta ce yarinyar ta iya zane, ba laifin watan ba ne.

Da na koma aiki hannuna ya ƙi zana wata. In tsoho ya zo taga sai in tambaye shi wace salla ce ba ta wuce shi a gida, mu ɗaura maganin a jikinta. In na gama kuma in ce, "Baba, yanzu kai ka faɗa mini yadda za ka sha." Abin da na riƙa ji ya isa ya sa mutum furfura. Wani dattijo ya ce mini shi in ana marka, rana ba ta fito ba, ba ya shan mai hoton rana, jira yake gari ya washe. Layina ya zama mafi tsawo a asibitin, abokan aiki suna ce mini mai wa'azi. Zuciyata ba ta ƙara tsawo ba, har gobe ina faɗa, sai dai yanzu ina jira in ji amsa.

Da kaka ta yi, ana yankan shinkafa, surukar ta kira ni ta ce Goggo ta ce in zo ranar da ake sa ran wata. Na je. Goggo ta yi wanka ta sa kwalli, ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi. Ba ta ce mini ga abin da za mu yi ba, ni ma ban tambaya ba. Da rana ta faɗi ta kama hannuna muka nufi jinga, wannan karon ni ce a gaba.

Ruwa ya ja baya ya bar tabkuna nan da can, kowanne da tasa samar a ciki. Ƙanshin sabuwar shinkafa ya gauraye da hayaƙin kifi. Balbelu suna wucewa kamar dai waɗanda na sani ina yarinya. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na yi ta addu'a a zuci kada ta duba ta rasa, don na san in ta rasa yau, gwangwanin gindin randa ya gama aiki. Na ɗaga kai ina ta dube-dube ko zan riga ta in nuna mata, ban ga komai ba sai jan sama.

"Daina wahalar da wuyanki," ta ce. "Juya ni wajen gorubar."

Na dafa kanta da hannu biyu na juya shi a hankali.

"Reshen hagu, wanda ya sunkuya. Na samu. Ɗaga ni kaɗan. Kaɗan na ce, uwata, ba tulu ba ne."

Na sake ta na koma gefenta na tsaya. Ta daɗe ba ta motsa ba, ta rufe idon dama da tafin hannu, na hagun ko ƙiftawa ba ya yi. Aka fara kiran salla a cikin gari. Sai na ji ta ja numfashi, ta ɗaga yatsa.

"Ga shi can."

Na bi yatsan. Yana nan kuwa, siriri, a saman reshen da ta ce. Ta fara addu'arta a hankali, ta roƙi alherin da ke cikinsa ta nemi tsari da sharrinsa.

Da ta gama ba ta sauke kai ba. Ta miƙa hannun dama gefe tana laluben iska, ni kuwa ina tsaye dab da kafaɗarta.

"Uwata, kina ina?"

"Ga ni nan, Goggo."

"To riƙe ni. In na juyo in dube ki zai ɓace mini. Bari in ƙara kallonsa kaɗan, sai mu je gida, kada isha'i ta same mu a hanya."